Kason da ake samu a rumbun tambayoyi: yana nuna makin da za a ci a jarrabawar lasisin likita kuwa?

Likitar_Gobe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura mini mako biyar in zauna Step 2 CK, mataki na biyu na USMLE, jarrabawar lasisin likita ta Amurka, kuma kaina ya ɗaure. Na yi wajen kashi uku cikin huɗu na tambayoyin UWorld, rumbun tambayoyin atisaye, zagayen farko, jimillar abin da na ci daidai kashi 68 cikin 100. Wata ƙawata ta turo mini wani jadawali da ke yawo a intanet, ta ce wai da wannan kason ina hararar maki 250 a jarrabawar. Wani abokin karatunmu kuma ya ce in daina kallon kason gaba ɗaya, ba ya nuna komai. Don Allah waɗanda suka riga suka rubuta, ya abin ya kasance muku? Kasonku ya yi daidai da makin da ya fito?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ba ki amsa, gaya mana yadda kika yi tambayoyin. Da agogo ko ba agogo? A cakuɗe, ko fanni-fanni? Kuma kina karanta darasin ne sannan ki shiga tambayoyinsa?

Likitar_Gobe:
Rabin farko fanni-fanni na yi, Yaya. Sai in karanta ciwon zuciya da safe, da yamma in yi tambayoyin zuciya, ba agogo, kuma amsar tana fitowa nan take. Watanni biyun nan ne na koma yin arba'in-arba'in a cakuɗe da agogo.

Abu_Safwan:
To kin gani, wannan 68 ɗin ba lamba ɗaya ba ce, lambobi biyu ne kika zuba a tukunya ɗaya. Wanda ya karanta ciwon zuciya da safe, aka kawo masa mai ciwon ƙirji da yamma, ya riga ya san inda za a dosa tun bai gama karanta tambayar ba. Ranar jarrabawa ba wanda zai raɗa miki cewa wannan ta zuciya ce. Mai ciwon ƙirjin zai iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar huhu, zai iya zama maƙoshi ne ya yage, zai iya zama firgici ne kawai. Rabin aikin shi ne gane ƙofar da za ki shiga, kuma a tsarin fanni-fanni an buɗe miki ita kyauta.

Ki bar jimillar nan. Ki ware sassa ashirin na ƙarshe da kika yi a cakuɗe da agogo, na tambayoyin da ba ki taɓa gani ba, ki fitar da matsakaicinsu. Shi ne yake da abin faɗa.

Sadauki_88:
Ni dai nawa ya faɗa daidai. Na gama zagayen farko da kashi 74, jadawalin nan da ake magana ya ba ni wajen 255, na fito da 253. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu cewa ba ya nuna komai sun wuce gona da iri. Mutumin da yake cin 45 da mai cin 75 a tambayoyi dubu uku ba za ka ce mini ɗaya suke ba.

Tauraruwa:
Sadauki, Allah ya ƙara ɗaukaka, amma bari in ba da nawa labarin don kada 'yar'uwar nan ta faɗa ramin da na faɗa. Rumbun da na yi amfani da shi, zagayen farko na samu 61, raina bai so ba. Sai na goge komai na sake daga farko. A zagaye na biyu ina cin 85, wata rana 90. Na fara jin cewa na iso.

Abin da ban lura ba sai daga baya: akwai wata tambaya ta mace mai shekara talatin da wani abu da ta zo da kasala da ƙaiƙayin jiki. Ina ganin layin farko hannuna ya tafi kan amsa ta uku ya danna, ban ko duba sakamakon gwajin hantarta ba. Na ci daidai. Amma da za a ce in bayyana me ya sa ba amsa ta biyu ba ce, da na yi shiru. Fuskar tambayar na haddace, ba cutar ba. Ranar jarrabawa cutar nan ta zo mini a wata riga daban, an ɓoye ƙaiƙayin an bar gwajin jini kawai, na kwashe fiye da minti uku a kanta. Makin da na samu ya gaza abin da nake tsammani da wajen goma sha biyar. Na wuce, alhamdu lillahi, amma na yi kwana biyu ban iya magana da kowa ba.

Sadauki_88:
Ai ke zagaye na biyu kike magana. Wannan kowa ya yarda ba ma'auni ba ne. Ni na farko na ce.

Malam_Lissafi:
Ni ba likita ba ne, matata ce likita, ni kuma ƙididdiga nake koyarwa, shi ya sa nake cikin zauren nan tun lokacin da take shiri. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Jadawalin nan da ke yawo, daga ina lambobinsa suka fito? Mutane ne suka cika fom da kansu bayan sakamako ya fito. To ku tambayi kanku, wa yake dawowa ya cika fom? Wanda ya ci 260 da gudu zai zo, har da dogon bayani kan yadda ya yi karatu. Wanda ya faɗi ko ya tsallake da ƙyar, yawanci rufe kwamfutarsa yake ya tafi jinyar zuciyarsa. Saboda haka layin da aka ja a jadawalin an ja shi ne ta cikin mutanen da abin ya yi wa kyau. Kuma ba wanda ya tantance ko kason da suka rubuta na zagayen farko ne, ko da agogo ne, ko suna leƙa littafi.

Sadauki yana da gaskiya a abu ɗaya: alaƙa tana nan. Idan ka tara mutum dubu, masu babban kaso za su fi masu ƙaramin kaso maki a matsakaici. Amma abin da ya tabbata a kan taro ba lallai ya tabbata a kan mutum ɗaya ba. A cikin masu kashi 68 za ka samu mai 235, ka samu mai 260, layin kuma ya bi ta tsakiyarsu kamar ba abin da ya faru.

Ita kanta jarrabawar ba ta auna mutum daidai wa daida. Masu shirya USMLE sun bayyana cewa kuskuren awo a Step 2 CK ya kai wajen maki 6. Ma'ana, da za ki zauna sau da yawa da iliminki bai canza ba, tambayoyin ne kawai suke canzawa, kusan kashi biyu cikin uku na zaman makinki zai faɗo tsakanin shida sama da shida ƙasa da ainihin matsayinki, sauran kuma ya fita waje da haka. Idan ainihin sikelin yana rawa haka, yaya wani abu daga waje zai faɗa miki lamba ɗaya tak?

Haske_09:
Malam, mun gode, amma yarinyar nan saura mata mako biyar. A taƙaice me za ta yi?

Malam_Lissafi:
Ta yi gwajin kai na NBME, hukumar da ke tsara tambayoyin jarrabawar, guda biyu ko uku, kwanaki a tsakaninsu, ta ɗauki matsakaicinsu, ba mafi girma ba. Mutane suna son riƙe mafi girman makin da suka taɓa samu su ce shi ne matsayinsu. Makin da ya yi fice sosai yawanci akwai sa'a a cikinsa, na gaba kuma sai ya dawo kusa da tsakiya. Francis Galton ya nuna irin wannan tun 1886 da tsawon iyaye da 'ya'yansu: 'ya'yan dogaye ƙwarai sukan yi tsawo, amma a matsakaici ba sa kai iyayen. Haka ma ranar da ta yi mummunan sashe, kada ta ɗauka can ne matsayinta. A sashe mai tambaya 40, kowace tambaya kashi biyu da rabi ce. Canki-canka huɗu su kuɓuce miki, kashi goma ya tafi.

Ummu_Hanan:
Na goyi bayan maganar NBME. Dalili a fili yake: NBME ce tare da FSMB, ƙungiyar hukumomin lasisin likita na jihohin Amurka, suke da jarrabawar USMLE ɗin kanta, don haka salon rubutun tambayoyinsu ya fi kusa da abin da za ki tarar. Gwajin nasu tambaya 200 ne, sassa huɗu, hamsin-hamsin. Rumbunan kasuwa kuwa, su UWorld da AMBOSS, an gina su ne don su koyar, shi ya sa bayanin da ke ƙarƙashin amsa ya fi tambayar tsawo. Kada kuma ki manta da tambayoyi 120 na kyauta da ke shafin USMLE, ki ajiye su sai makon ƙarshe.

Kainuwa:
Mu 'yan PLAB, jarrabawar likitocin ƙasashen waje masu son aiki a Birtaniya, a ba mu wuri mu ma. Namu tambaya 180 ce cikin awa uku, wato minti ɗaya kowace tambaya, kuma gajeru ne ba kamar na Amurka ba. A wajenmu mutane suna maimaita rumbu ɗaya sau uku sau huɗu har su kai 90, kuma da yawa suna wucewa da hakan. To ni ban ga laifin maimaitawa ba kamar yadda Anti Tauraruwa ta nuna.

Dakta_Mairo:
Kainuwa ƙanwata, ki yi hattara da wannan lissafin. Tun watan Agustan 2024 GMC, hukumar likitocin Birtaniya, ta ɗora PLAB 1, wato matakin farko na PLAB, a kan jadawalin darussan MLA, gwajin lasisin likita na ƙasar, wanda ɗaliban likitanci na Birtaniya su ma ake auna su da shi. Wanda ya ba ki labarin yadda ya wuce a 2021 yana ba ki labarin wata jarrabawa ce da aka riga aka sake wa tsari. Na biyu, makin wucewa a PLAB 1 ba tsayayye ba ne, kowane zama da nasa, gwargwadon wahalar takardar. To kashi 90 a rumbu da me za ki gwada shi? Na uku, amsoshin suna bin ƙa'idojin aikin Birtaniya ne irin na NICE, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin jinya a can, su kuma ana sabunta su. Idan haddace amsa kika yi ba ki san dalilinta ba, ranar da ƙa'ida ta canza ba za ki ma sani ba.

Maimaitawa ba laifi ba ce don koyo. Laifin shi ne ki ɗauki kason maimaici ki ce shi ne hasashenki.

Kainuwa:
Na karɓi gyara, Dakta. Ban san batun makin wucewar ba.

Baƙon_Dare:
Gaskiya idan hasashe ake nema, akwai tambayoyin da waɗanda suka fito daga jarrabawa suke tunowa su tara. An ce su ne suka fi kusa da abin da zai fito.

Mai_Kula_da_Zaure:
Baƙon_Dare, wannan maganar ba ta da wuri a nan, kuma duk wanda ya turo irin waɗannan takardu za mu cire shi. Duk mai zama jarrabawar ya amince da sharaɗin ba zai fitar da tambayoyinta ba. A ƙarshen Janairun 2024 USMLE ta sanar da soke sakamakon wasu masu jarrabawa da ke da alaƙa da Nepal, saboda yanayin amsoshinsu ya nuna alamun sun riga sun ga tambayoyin. Mutane sun rasa shekarun wahalarsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu koma kan tambayar 'yar'uwarmu.

Jarumi_Step1:
Ni tambayata ta Step 1 ce, matakin farko na USMLE, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Tunda yanzu ba maki, ci ko faɗuwa ne kawai, kashi nawa a rumbu ya isa mutum ya ce ya shirya? Na ji an ce makin wucewa 194 ne.

Ummu_Hanan:
194 tsohon zance ne. Daga 26 ga Janairun 2022, ranar da aka koma ci ko faɗuwa, an ɗaga ma'aunin zuwa daidai da 196, sai dai wanda ya ci ba ya ganin lamba a takardarsa. Kai ma amsarka tana wajen NBME: gwajin kansu na Step 1 yana ba ka kason da aka daidaita da wahalar takardar, har da yiwuwar cin jarrabawar idan ka zauna cikin mako ɗaya. Ka lura da "mako ɗaya" ɗin nan. Su da suke da bayanan dubban ɗalibai ma ba su yarda su yi hasashen wata biyu gaba ba.

Dakta_Mairo:
Bari in dawo kan abin da ya fi damuna a duk wannan zancen kaso, domin na ga yadda yake cutar da ɗalibai. Akwai wani ƙanena a wajen aiki da yake shirin Step 2, yaro mai ƙoƙari. Wata rana na zauna kusa da shi yana haɗa sashen tambayoyi, sai na ga ya cire alamar da ke kan cututtukan ƙoda da ƙididdigar lafiya kafin ya fara. Na ce me ya sa? Ya ce suna ja masa kaso ƙasa, sai ya ƙara karatu tukuna zai taɓa su. Wata uku yana haka. Kasonsa yana ta kyau, ramin da ke cikin iliminsa yana nan yadda yake.

Amfanin tambaya shi ne ta tilasta wa ƙwaƙwalwa ta lalubo abu da kanta. Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da aka gwada a kan abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako ɗaya a kan waɗanda suka yi ta maimaita karatun, duk da cewa masu maimaita karatun sun fi jin cewa za su tuna. Tambayar da ka faɗi, ka zauna ka gano inda tunaninka ya karkace, ta fi maka goma da ka ci don ka riga ka sani. Duk wanda ya fara tsaron kasonsa ya daina neman inda yake da rauni. Ni har cewa nake a rufe wannan lambar da takarda a watannin farko.

Sadauki_88:
Dakta, da girmamawa, rufe lambar kuma ya yi yawa. Ni ita ce ta nuna mini ina tafiya gaba. Na fara da hamsin da 'yan kai, na ƙare sassan ƙarshe a wajen tamanin. Ba don ina gani ba da na karaya tun a wata na biyu.

Dakta_Mairo:
To ka ga kai hawan kake kallo, ba jimilla ba. A nan ba mu da saɓani. Jimillarka ta 74 ta haɗa da Sadaukin wata shida da suka wuce, wanda ba shi ne ya shiga ɗakin jarrabawa ba.

Gwanin_Dare:
Abin da ba wanda ya ambata: gajiya. Lokacin da na rubuta a 2023 sassa takwas ne, kowanne awa ɗaya, yini na awa tara, hutun duka minti 45 sai abin da ka tsira da shi. A gida sashe biyu nake yi in tashi in miƙe ƙafa. A ɗakin Prometric, cibiyar da ake zama jarrabawar, a sashe na shida na tsinci kaina ina karanta layi ɗaya sau uku, idona yana bin rubutun amma ba abin da yake shiga. Ba rumbun da ya auna wannan, domin ban taɓa ba shi damar aunawa ba. Likitar_Gobe, ki ware rana ɗaya ki yi cikakken yini, ki haɗa gwajin kai da ƙarin sassa har su kai adadin ranar, ki fara a lokacin da za ki fara ranar. Ki duba shafin USMLE don tsarin da ake kai yanzu, suna sauya abubuwa.

Kuma akwai tambayoyin gwaji da ake cusawa a ciki waɗanda ba a lissafa su a maki, ba kuma za ki gane su ba. Idan kin haɗu da wata baƙuwa ƙwarai kada ta tafi da hankalinki zuwa sashe na gaba.

Likitar_Gobe:
Na dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi abin da Yaya Abu_Safwan ya ce: sassa ashirin na ƙarshe matsakaicinsu 64 ne, ba 68 ba. Jiya kuma na yi gwajin NBME na farko da agogo, na samu 236. Gaskiya jikina ya yi sanyi, domin 250 ɗin nan ta riga ta zauna mini a rai. Yanzu tambayar ta canza: in ɗaga ranar ko in bar ta?

Haske_09:
Ki bar ta. Makin wucewa 218 ne tun Yulin 2025, kina sama da shi da tazara, ga mako huɗu da rabi a gabanki. Masu ɗagawa sau da yawa ƙonewa suke yi, su manta na baya suna koyon na gaba.

Tauraruwa:
Ni ban ce ta ɗaga ba, amma wucewa kawai ba shi ne zancen ba. Tunda Step 1 ta daina ba da lamba, makin Step 2 CK ne masu ɗaukar likitoci horon ƙwarewa suke gani, kuma matsakaicin ɗaliban Amurka da Kanada yana kusa da 250. Idan kika ci, ba a sake zama don gyara maki, abin da ya fito shi ne naki. Ya danganta da fannin da kike nema, ƙanwata. Wane ne?

Malam_Lissafi:
Gwaji ɗaya ne fa a hannunta. Da awo ɗaya ba a yanke hukunci, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ta yi na biyu bayan kwana goma, sannan a san ko 236 ɗin tsakiyarta ce ko gefenta.

Abu_Safwan:
Kafin na biyun, ki zauna da tambayoyin da kika faɗi a na jiya ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta a gefen kowace: ban sani ba ne, ko na sani na karanta ba daidai ba, ko lokaci ne ya ƙure, ko na canza amsa daga daidai. Idan yawancinsu rashin sani ne a fanni biyu ko uku, mako huɗu zai iya yin aiki sosai. Idan a warwatse suke ko'ina, wannan wata magana ce.

Likitar_Gobe:
Likitancin yara nake so, Anti Tauraruwa. Na fara rabewar da Yaya ya ce, na yi talatin zuwa yanzu: goma sha ɗaya na mata masu ciki da haihuwa ne, bakwai kuma lokaci ne ya ƙure mini a ƙarshen sashe. Zan yi gwaji na biyu ranar Asabar ta sama in sha Allah, in kawo muku abin da ya fito.

Jarumi_Step1:
Allah ya ba da sa'a, Yaya. Don Allah wanda ya san ko gwajin NBME da aka taɓa yi wata huɗu da suka wuce yana da amfani a sake shi, ko shi ma ya zama zagaye na biyu?